Yadda Ake Tara Tsoffin Bindigogin .22 Masu Doguwar Ƙota, da Yadda Ake Sanin Darajarsu

A cikin tsoffin bindigogin .22, wato masu cin ƙaramin harsashi mai faɗin kusan inci 0.22, akwai wani rukuni da ake ganewa tun daga nesa. Katakon ƙotarsu ba ya tsayawa a tsakiyar bututu kamar na sauran, yana tafiya har bakin bindiga, a rufe ƙarshensa da 'yar hular ƙarfe. Wannan dogon katako shi ke jawo hankalin masu tara su, kuma a jikinsa ake yin yawancin asara. Siriri ne, yana lanƙwashewa, yana tsagewa, ana yanke shi, ana musanya shi da wanda ba nasa ba. Wanda ya iya duba katakon ya yi rabin aikin sanin kuɗin bindigar. Sauran rabin yana cikin bututu da hatiman da aka buga a jikin ƙarfe.

Harsashin da muke magana a kai shi ne mai bugun gefe, wato wanda aka zuba sinadarin tayar da wutarsa a cikin leɓen gindin kwanso, allura ta daki gefen ya tashi. Bafaranshe Flobert ne ya fara fito da irinsa a 1845. Kamfanin Smith & Wesson ya kawo .22 Short a 1857, kamfanin Stevens ya kawo .22 Long Rifle a 1887, Winchester kuma ya kawo .22 Magnum a 1959. Riƙe waɗannan shekarun a ka, domin bindigar da aka ce ta girmi harsashin da aka rubuta a jikinta, an taɓa ta ke nan.

Mataki na farko: doka

Kafin ka nemi bindiga, nemi izinin riƙe ta. Tsufa ba ya cire .22 daga hannun doka a yawancin ƙasashe, saboda harsashinta na nan a kasuwa har gobe. A Birtaniya sai da takardar shedar mallakar bindiga. A Amurka, wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan ita ce dokar tarayya ke ɗauka a matsayin kayan tarihi, wadda ta kai shekara 50 kuma tana shiga rukunin da masu lasisin tarawa ke iya saye cikin sauƙi. Kowace ƙasa da nata tsarin, har da ƙa'idar inda za a ajiye da yadda za a shigo da ita daga waje. Bindigar da ba ta da takarda ba ta da daraja komai kyawunta, don ba za ka iya sayar da ita a fili ba, kuma za ta iya kai ka gidan yari.

Mataki na biyu: zaɓi gidan da za ka shiga

Masu doguwar ƙota gida biyu ne, kuma bai kamata sabon shiga ya haɗa su a lokaci guda ba.

Gida na farko shi ne na bindigogin farauta da nishaɗi. Salon ya samo suna ne daga gajeriyar Mannlicher-Schönauer ta 1903 da kamfanin Steyr na Ostiriya ya ƙera, wadda mafarautan tsaunuka suka so saboda gajartarta da yadda katako ke kare bututun. Shi ya sa idan kana bincike a kundin gwanjo za ka ga an rubuta Mannlicher, ko Stutzen a na Jamusanci, ko haruffan FS. A wannan gida akwai Steyr Zephyr da aka yi daga 1955 zuwa 1971, wadda a ganina ita ce sarauniyar rukunin. Akwai Anschütz 1418 mai cin .22 Long Rifle da 'yar uwarta 1518 mai cin Magnum, daga birnin Ulm na Jamus, waɗanda kamfanin Savage ya daɗe yana shigar da su Amurka da sunan kamfanonin biyu a jiki. Akwai na Krico, akwai CZ 452 FS ta ƙasar Cek wadda ta gaji tsarin Brno na tsakiyar shekarun 1950. Daga Amurka kuma akwai Ruger 10/22 International, da jerin Mossberg masu harafin M, irin su 42M da 46M da 51M da 151M.

Gida na biyu shi ne na bindigogin horar da sojoji. An yi su da dogon katako ne don su yi kama da babbar bindigar yaƙi a hannu da nauyi, amma a yi atisaye da harsashi mai araha. Nan za ka sami Lee-Enfield No. 2 Mk IV da Ingila ta juya daga babbar bindigar yaƙinta SMLE, da DSM-34 da KKW na Jamus, da wz. 48 ta Folan, da Winchester ɗin da ake kira Winder, da Savage ta 1919.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki kamfani ɗaya ko zamani ɗaya ya zauna a kai. Mossberg na da daɗin koyo, domin ba ta da tsada idan aka kwatanta da na Turai, ga kuma bambance-bambance ƙanana tsakanin 46M da 46M(a) da 46M(b) da za su koya maka sa ido. Wanda ya riƙe bindiga goma iri ɗaya a hannunsa yakan gane ta goma sha ɗaya ba daidai take ba tun kafin ya san dalili.

Mataki na uku: tabbatar da abin da ke hannunka

Da zarar an miƙo maka bindiga, juya bakinta inda ba kowa, buɗe sakata, cire gidan harsasai, duba mazaunin harsashi da ido, ka sa ɗan yatsa. Masu ma'ajin harsashi na bututu sun fi haɗari, domin harsashi kan maƙale a ciki shekara da shekaru saboda datti ko lotsawa, sai an jijjiga ya faɗo. Ja sakatar sau da yawa har ka ga kan abin da ke tura harsasai ya bayyana.

Daga nan sai karatun ƙarfe. Ɗauki tocila da gilashin ƙara girma, ka rubuta duk abin da ka gani a bututu da jikin bindiga.

Bindigogin Turai sun fi sauƙi a nan, saboda hatimin gidan gwaji, wato inda hukuma ke gwada ƙarfin bindiga kafin a sayar da ita. Ta Jamus mai kambin sarauta a kan harafi ta riga 1940, in ban da ta Jamus ta Gabas, inda aka ci gaba da buga kambin bayan yaƙi. Bayan yaƙi za ka ga gaggafa a kan harafin N, kusa da ita alamar gidan gwajin, misali ƙahon barewa na Ulm. Shekarar gwaji takan zo da lambobi biyu, daga baya kuma aka koma haruffa: A sifili, B ɗaya, C biyu, haka har H bakwai, I takwas, K tara. Idan ka ga HK, 1979 ke nan. Rubutun da ya ce an yi ta a Jamus ta Yamma yana nufin kafin haɗewar 1990. Na ƙasar Cek suna da lambobi biyu na shekara kusa da hatimin zaki. NPv na nufin gidan gwajin Biyana. Haruffan BNP a ƙarƙashin kambi na Bamingam ne, kuma bindigar waje da aka buga wa NOT ENGLISH MAKE ta ratsa gidan gwajin Ingila tsakanin 1925 da 1955.

Na Amurka ba su da irin wannan hatimi na hukuma, kuma kafin dokar 1968 ba a tilasta sa lambar siriyal a kan irin waɗannan ƙananan bindigogi ba. Don haka kada ka tsorata idan ka ga tsohuwar Mossberg ba lamba, haka aka yi ta. Abin tsoro shi ne wurin da ake ganin an goge lamba. Wannan ka ajiye ta ka kama gabanka. Mossberg 42MB kuwa daban take, an yi ta ne don horar da sojojin Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, tana ɗauke da rubutun mallakar gwamnatin Amurka, kuma da yawa suna da hatiman Ingila.

Ruger misali ne mai kyau na yadda ƙaramin sani ke tsare aljihu. An fara 10/22 a 1964, aka fito da mai doguwar ƙota a 1966, aka yi ta 'yan shekaru kaɗan aka tsaya, sai a 1994 ta dawo. Ta farkon ita ce masu tarawa ke nema ruwa a jallo. Kamfanin ya fara sa lambobin gaba masu ɗan layi a siriyal a 1969, dogon rubutun gargaɗi a kan bututu kuma sai a ƙarshen shekarun 1970 ya bayyana. To idan wani ya ce maka tasa ta 1967 ce alhali ga gargaɗi a bututu, ko dai an canja bututun ko labarin ne ba daidai ba. Kamfanin na da wurin duba siriyal a shafinsa na intanet. Ga tsoffin Winchester da Marlin kuma, gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wayomin na riƙe da kundin masana'anta na wasu samfura, kuma suna ba da wasiƙar shaida.

Mataki na huɗu: katako

Nan ne za ka daɗe. Tambayoyi uku ne: nata ne, cikakke ne, kuma ba a taɓa fuskarsa ba?

Fara da ko nata ne. Shekaru da yawa kamfanoni irin su Fajen da Bishop sun sayar da dogayen ƙotoci ga duk mai son ya mayar da bindigarsa ta yau da kullum mai kama da Mannlicher. Wasu an yi musu aiki mai kyau ƙwarai, amma kuɗinsu na bindigar harbi ne, ba na kayan tarawa ba. Auna tsawon bututu ka gwada da abin da kundin kamfanin ya faɗa, domin na asali yawanci gajeru ne, wajen santimita 50, kuma mai kwaikwayo sau da yawa sai ya yanke dogon bututu. Duba leɓen bakin: yankan masana'anta sumul yake, rininsa ɗaya da sauran jiki. Duba mazaunin saitin gaba ko an sake masa wuri. Idan mai ita ya yarda a kwance, duba cikin kwarin da bututu ke kwanciya. Yawancin bindigogin soja da wasu na Turai suna da lambar siriyal a buge ko a rubuce da fensir a nan. Cikin kwarin tsohon katako yakan yi duhu, da alamar inda ƙarfe ya zauna shekaru. Fari tas, ko shafe da gam na zamani, yana gaya maka wani labari.

Sai ko cikakke ne. Bi katakon daga hular baki zuwa gindi da tocila a karkace, yadda haske zai kwanta a kan fuskar. Wuraren da suka fi tsagewa su ne wajen sukurun hular baki, inda katakon bai fi kaurin 'yan milimita ba, da ramin maratayi idan ya ratsa katakon, da bayan jikin ƙarfe, da wuyan ƙota inda hannu ke riƙewa. Tsagar da aka liƙe takan bar siririn layi mai duhu wanda ya saɓa wa tafiyar jijiyar itace. Ka ɗan murɗa gaban katakon a hankali da yatsu biyu, idan akwai ɓoyayyiyar tsaga za ka ga ta buɗe baki.

Akwai wani yanka da ya kamata duk mai neman bindigogin horon Jamus ya sani. Sojojin Amurka da suka koma gida bayan 1945 sun riƙa yanke katakon gida biyu don ya shiga jakar kaya, kuma sukan yi yankan daidai ƙarƙashin zoben ƙarfen da ke ɗaure bututu da katako, inda ba a gani. Sai ka zame zoben gaba kafin ka sani. Irin wannan yanka yana rage kuɗi, ko da yake wasu masu tarawa suna ɗaukarsa a matsayin wani ɓangare na tarihin bindigar. Kada kuma ka rikita shi da na Mossberg: ƙotarsu gida biyu aka yi ta tun daga masana'anta, an haɗa ƙarin gaban a ƙarƙashin zobe. A wurinsu matsalar ita ce ɓatan ƙarin, ko a sa wani wanda launinsa bai dace ba.

Duba lanƙwasa. Ɗaga bindigar ka kalle ta daga sama, ka gwada ratar da ke tsakanin bututu da katako a dama da hagu. Idan gefe ɗaya ya manne ɗayan ya buɗe, katakon ya juya. Wannan ciwon gidan ne. Ɗan kaɗan ba ya hana komai, amma mai yawa yana tura bututu, inda harsashi ke sauka ya riƙa canjawa duk lokacin da danshin iska ya canja, kuma gyaransa yana bukatar a sassaƙe cikin katakon, wanda shi ma ragin daraja ne.

Tambaya ta uku ita ce ta fuska. A masana'anta akan bar katako ya ɗan ɗara ƙarfe tudu a inda suka haɗu. Idan ka shafa ka ji ƙarfe ne ya fi tudu, ko farantin gindi ya fi katakon faɗi, an ci shi da samfefa. Sassaƙen riƙo da ya kwanta ya cika da man sheƙi, kusurwoyin da suka zama da'ira, hatimin soja da ya dushe alhali katakon kewayensa na walƙiya, duk alamu ne. Ina so a fahimci wannan da kyau, domin a nan ne mutane masu kyakkyawar niyya suke lalata dukiya: ƙota mai tabo da ƙujewa da duhun hannu, matuƙar fuskarta ta asali ce, ta fi wadda aka goge aka shafe ta koma sabuwa. Tabon ana iya zama da shi. Katakon da samfefa ta cinye kuwa ya tafi ke nan.

Game da hatiman ƙungiyoyi da ake gani a ƙotocin DSM-34 da KKW, a yi hattara. Suna ƙara kuɗi, saboda haka an daɗe ana buga na jabu. Hatimi mai kaifin baki a kan katakon da ko'ina ya sha jiki abin zargi ne.

Mataki na biyar: ƙarfe da cikin bututu

Tsatsa ta fi son ɓuya a ƙarƙashin dogon katako, inda tsumman mai ba ya kaiwa. Bindiga na iya yin kyau a sama, ka kwance ta ka tarar da ramuka jere a layin da katako ya rufe. Kada ka kwance kayan mutum ba da izininsa ba, amma idan ya ƙi, sa wannan a lissafi. Idan za a kwance, a fara da hular baki da zobba, da sukudireban da ya cika bakin sukuru daidai, kuma a ɗaga ƙarfen a miƙe don kada siririn gaban ya karye.

Rinin ƙarfe da aka sake ana gane shi ta rubutu. Haruffan asali bakinsu da kaifi. Waɗanda injin gogewa ya bi ta kansu sukan yi kamar an ja su gefe, ramukan sukuru su yi kwari, ƙananan ramukan tsatsa su bayyana a ƙarƙashin baƙin. Rinin kwalba da ake shafawa a gida yana da wani wari mai kama da na ƙibiritu, kuma a hasken rana launinsa ba ya tafiya daidai da sauran. Ƙirga ramukan da ke saman jikin bindiga da gefensa. Ramin da wani ya huda don ɗora madubin hange yana cikin abubuwan da suka fi karya farashi, tunda ba ya komawa.

Cikin bututu sai an share kafin a yanke hukunci, domin dalma da kakin harsashi suna ɓoye lahani, wani lokaci kuma suna sa lafiyayyen bututu ya yi kama da matacce. Har zuwa ƙarshen shekarun 1920, sinadarin tayar da wuta yana barin gishiri mai jawo tsatsa, sai da Remington ya fito da harsashin Kleanbore wajen 1927 abin ya fara sauƙi. Saboda haka bindigar da ta riga wannan lokaci kuma cikinta na sheƙi abu ne mai wuyar samu, ka kuma duba ko an zura mata sabon siririn bututu a ciki. Za ka ga zobe siriri a baki ko a gindi. A wasu Lee-Enfield na horo wannan zurin aikin hukuma ne tun asali, a bindigar farar hula kuwa gyara ne.

Abubuwa huɗu nake nema a kowane bututun .22. Zobe mai duhu a tsakiya, alamar an yi harbi da wani abu toshe a ciki har bututun ya kumbura. Idan ka tura tsumma matsattse za ka ji ya saki a wurin sannan ya sake kamawa, kuma a mai doguwar ƙota ba za ka ji kumburin da hannu daga waje ba. Na biyu, lotsawa a gefen mazaunin harsashi, inda allura ta riƙa dukan ƙarfe saboda ana danna kunama ba harsashi. Wannan na sa kwanso ya maƙale. Na uku, zoben datti ko zaizaya a cikin mazaunin, daga yawan harba Short a bindigar Long Rifle. Na huɗu, bakin da sandar shara ta cinye har tsagin ciki, wato murɗaɗɗun layukan cikin bututu da ke juya harsashi, ya shafe a santimita na ƙarshe. Akwai kuma Winder da yawa da aka yi don Short, daga baya wani ya faɗaɗa mazaunin ya ci Long Rifle. Rubutun jiki ba zai nuna ba, kuma murɗin tsagin Short ya fi na Long Rifle sassauci, saboda haka ba lallai ta yi saiti ba.

Mataki na shida: ƙananan kaya

Hular saitin gaba, saitin baya mai ɗan rami, zobban maratayi, gidan harsasai na asali, farantin gindi mai tambarin kamfani. Kowanne ƙarami ne, amma neman na Zephyr ko tsohuwar Anschütz na iya cin watanni da kuɗi mai kauri. A Mossberg duba saitin baya mai juyawa gefe, wanda yakan ɓata, da kariyar kunama ta roba wadda kan ƙanƙance ta lanƙwashe da tsufa. A Lee-Enfield ta horo, gidan harsasai fanko ne da gangan, kwanson da aka harba yake tarawa. Duk abin da babu, nemo farashinsa kafin ciniki, ka cire daga abin da za ka biya.

Mataki na bakwai: sa mata kuɗi

Masu wannan harka suna auna yanayi ta hanya biyu. Akwai ma'aunin ƙungiyar NRA ta Amurka mai matakai daga sabuwa fil zuwa mai rauni, da jeri daban na zamani da na kayan tarihi. Akwai kuma na kaso, wato kashi nawa cikin ɗari na rinin asali da fuskar katako ya rage. Kalmar asali ita ce ginshiƙi: bindigar da aka sake wa rini ba ta da kaso ko ɗaya a wannan ma'auni, komai sheƙinta. Kuma farashi ba ya hawa daidai da kaso. Tazarar kuɗi tsakanin mai kashi 98 da mai 90 takan fi ta tsakanin mai 80 da mai 60 nesa ba kusa ba, domin masu kuɗin suna kokawa ne a kan 'yan ƙalilan da suka tsira kamar ba a taɓa su ba.

Littattafan farashi suna ba da wurin farawa, amma suna bin kasuwa a baya. Abin dogaro shi ne abin da aka saya da gaske. Duba sakamakon gidajen gwanjo irin su Rock Island da Morphy a Amurka, Holts a Ingila, Hermann Historica a Jamus, da cinikin da aka kammala a GunBroker, shafin cinikin bindigogi na intanet. Kuɗin da mai kaya ya sa a talla fata ne kawai, wata bindigar takan shekara a rataye da shi. Tattara ciniki biyar ko fiye na samfuri ɗaya daga shekara biyun da suka wuce, ka kalli hotunansu da kyau, ka jera su daga mafi kyau zuwa mafi rauni, sannan ka ga inda taka ta faɗa. Cire mafi tsada da mafi araha idan sun yi nisa da sauran, don wani lokaci mutum biyu ne suka yi zuciya a gwanjo. Lura ko adadin da aka wallafa ya haɗa da ladan gidan gwanjo, wanda sau da yawa yakan haura kashi 15 cikin ɗari, ban da kuɗin aikawa da na dillali mai lasisi. Kada kuma ka ɗauki farashin wata ƙasa ka ɗora a wata: Anschütz da Krico sun fi yawa a Turai, Mossberg ta fi yawa a Amurka, dokar fitarwa kuma ta raba kasuwannin.

Abin da ke ƙara kuɗi a kan wannan tushe shi ne kwalin asali mai lambar da ta dace, takardar gwajin harbi ta masana'anta, kunama biyu a na Jamus da Ostiriya, itacen walnat mai kyawun zane, da takardar da ke tabbatar da tarihinta. Labarin baka, irin na kakan wane ya zo da ita daga yaƙi, saurara da ladabi amma kada ka biya kuɗinsa. Ƙarancin abu shi kaɗai ma ba ya sa tsada, sai akwai masu nema. Akwai bindigogin da ba a yi da yawa ba saboda tun a lokacin ba wanda ya so su, kuma har yau haka abin yake.

Idan an ba ka dama ka gwada ta a filin harbi mai izini, bayan maƙerin bindiga ya duba lafiyarta, yi amfani da harsashi mai matsakaicin gudu, ka harba biyar biyar a mita 50. Ramukan da suka jeru daga ƙasa zuwa sama na iya nuna katako na matsa bututu. Ramin da ya fito a kwance, ba zagayayye ba, yana nuna tsagin ciki ko bakin ya gaji. Duba gindin kwanson da ya fito: kumburi ko tsaga na nufin a daina harbi nan take.

Mataki na takwas: bayan ta zama taka

Abin da ya fi wuya shi ne ka bar ta yadda take. Share datti da tsumma mai laushi, ka sa mai kaɗan a ƙarfe. Tsatsar sama ana ɗaga ta da mai da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da hannu mara nauyi, bayan an gwada a wurin da ba a gani. Ƙarƙashin katako kuwa kaki ya fi mai, irin Renaissance da gidajen tarihi ke amfani da shi, domin mai yana tsotsewa cikin itace ya baƙanta shi ya sa shi laushi. Saboda wannan dalili ne wasu ke jingine tsoffin bindigogi baki ƙasa, don kada man sakata ya gangara wuyan ƙota. Idan za ka yi haka da mai doguwar ƙota, sa abu mai laushi a ƙarƙashin hular baki. Share bututu daga gindi idan tsarin bindigar ya bari. Kada ka danna kunama ba harsashin roba a ciki.

Danshin ma'ajiya ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, kuma tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi adadin muhimmanci, tunda hawa da sauka ne ke juya dogon katako. Jakar fata da akwati mai soso na tafiya ne, ba na ajiya ba, suna riƙe laima. Kada ka ɗaure sukurun hular baki da ƙarfi, a bar wa itacen wurin motsi. Harsasai a kulle su daban.

Buɗe wa kowace bindiga fayil: hotunan kowane hatimi, lambar siriyal, ranar saye da kuɗin da ka biya, kwafin lasisi, da duk lahanin da ka gani. Idan dole ta sa ka canja wani abu, ko da sukuru ɗaya ne, sa tsohon a 'yar leda ka rubuta lambar bindigar a jiki, ka ajiye tare da fayil ɗin. Ranar da za ka sayar, ko magada za su sayar, a faɗa wa mai saye duk gyaran da aka yi, a kuma miƙa masa ledar tare da bindigar.